Raddi Ga Masu Cewa Maganin Ciwon Daji Guba Ce Tsantsa

Akwai masu da'awar cewa magungunan da asibiti ke bai wa masu ciwon daji, waɗanda ake kira kemoterafi, guba ce mai gaggauta ajali, kuma suna kafa hujjoji uku da kowacce ke rushewa idan aka auna ta da ilimin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan sassan da jiki ya ginu da su.

Hujjarsu ta farko ita ce asalin maganin makamin yaƙi ne. Gaskiya ne a shekarar 1942 Louis Goodman da Alfred Gilman na Jami'ar Yale suka gwada wani sinadari mai dangantaka da iskar gubar Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma daga nan bincike ya faɗaɗa har aka samo maganin binkiristin daga wani fure na Madagaska, kuma ƙa'idar likitanci ita ce gwargwadon awo ke raba magani da guba.

Hujja ta biyu ita ce zubewar gashi da amai suna nuna maganin yana kashe lafiyayyen jiki. Amsa ita ce ƙwayar daji ƙwaya ce da kundin gadonta, wato DNA, ya samu tawaya, ta rasa masu tsawatar mata irin su furotin p53, sai ta riƙa rabuwa ba ƙaƙƙautawa, don haka magungunan suke kai hari a kan rabuwar: metotireksat yana toshe hanyar ƙera kayan gina DNA, sisfilatin yana ɗaure zaren DNA, binkiristin kuwa yana hana ƙwaya tsagewa gida biyu. Lafiyayyun ƙwayoyi masu saurin rabuwa, na tushen gashi da bangon hanji da ɓargo, su ma sukan taɓu, sai dai sun fi iya farfaɗowa, shi ya sa ake bayar da maganin zango-zango da hutu a tsakani. Haka kuma tun 2001 maganin imatinib ya nuna ana iya auna furotin guda da ya lalace a wani nau'in dajin jini.

Hujja ta uku ita ce ciwon yakan dawo. Hakan yana faruwa domin wasu ƙwayoyin sukan sauya, su riƙa fitar da maganin waje ko su gyara ɓarnar da ya yi, wanda ya sa likitoci ke haɗa magunguna masu aiki daban-daban. Da wannan dabara kimanin yara 9 cikin 10 masu dajin jinin da ya fi yawa ga yara suke tsira a ƙasashe masu arziki, kuma dajin Burkitt, wanda aka bayyana a Uganda a 1958, yana jin magani matuƙa.

Saboda haka da'awar ba ta da tushe, kuma wajibi ne duk wanda ya ji kumburi ko ƙullutu da bai saba ji ba ya garzaya asibiti tun ciwon bai bazu ba.