P0201 Ba Ta Ce A Sayi Sabuwar Injekta Ba

Wani ra'ayi da aka wallafa shi ne, da zarar na'urar duba mota ta nuna P0201, a sauya injektar silinda ta ɗaya kawai, domin bin waya ɓata lokaci ne. Gaskiya ne injekta takan mutu. Sai dai lambar ba ta faɗi haka ba.

A tsarin OBD-II, P0201 na nufin matsala a layin wutar injektar. Layin kuwa ya haɗa da waya da soket da kwamfutar motar kanta. Idan ɓera ne ya ci waya, ko tsatsa ta kama bakin soket, me sabuwar injekta za ta gyara?

To ina ɓata lokacin yake? A zare soket a auna injektar da mita: yawancin na motocin fetur suna nuna om 12 zuwa 16. In awon ya yi daidai, a musanya ta da ta silinda ta biyu, a goge lambar, a tada inji. Idan lamba ta koma P0202, injekta ce. Idan ta tsaya a P0201, laifin waya ne ko kwamfuta.

Toshewa kuwa zance ne daban. Injektar da datti ya toshe wutarta lafiya lau take, shi ya sa galibi lambar P0301 take jawowa, ba P0201 ba.