Manajan Kano Pillars: Da Wane Mudu Za A Auna Aikinsa?

A watan Yuli na shekarar 2025 Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya naɗa Ahmed Musa Babban Manajan ƙungiyar tamaula ta Kano Pillars, alhali kuwa yana ɗaya daga cikin 'yan wasanta. Maganar ba ta tsaya a Kano kaɗai ba, domin Pillars ƙungiya ce wadda mutanen Arewa da yawa suke ɗauka tasu ce. Har a ƙasar Bagudo, daga Illo da Ka'oje zuwa Lolo can bakin iyakar Jamhuriyar Binin, ba a rasa masu cewa "Sai Masu Gida" in an zauna hira. Waɗansu suka ce an sa ƙwarya a gurbinta, waɗansu kuma suka ce an ɗora wa mutum ɗaya taura biyu. Mu dai muna ganin kafin a yabi manaja ko a zarge shi, ya kamata a san mene ne aikinsa tukuna, domin da yawa daga cikin masu gardamar ba su rarrabe shi da mai horar da 'yan wasa ba.

A ƙungiyar da ta tsaru, mutum uku ne ke riƙe da ragama. Akwai mai ƙungiya, shi ne mai ba da kuɗi. Akwai mai horarwa, shi ne mai zaɓen mutum 11 da za su shiga fili ranar wasa, ya kuma gaya musu yadda za su tsaya. Tsakaninsu kuwa sai manaja, wanda aikinsa ciniki ne: wa za a saya, wa za a sayar, wa za a sallama, nawa za a biya kowa, kuma na shekara nawa za a rubuta yarjejeniya. Watau kamar mai kula da garke ne wanda ubangijin dukiya ya ba shi amana. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar shanu ya san ba ranar da aka sayi maraƙi ake sanin an yi riba ba.

Inda wannan aiki ya fi fitowa fili shi ne wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi a Kanada da Amurka. Babbar gasarsu tana da ƙungiya 32, kuma tun shekarar 2005 aka yanka musu iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashin 'yan wasa. Da aka fara, dala miliyan 39 ne, a kakar 2025 zuwa 2026 kuwa ya kai dala miliyan 95.5. Saboda haka mai kuɗi ba ya iya kwashe gwanaye duka, dole manaja ya yi ta lissafi yana musanyar wannan da wancan. A ran 9 ga Agusta, 1988, ƙungiyar Edmonton ta sayar da Wayne Gretzky, gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba a wasan, ga ƙungiyar Los Angeles. Aka ba ta dala miliyan 15, da 'yan wasa biyu, Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓen samari uku a shekaru masu zuwa. Mutanen Kanada suka yi baƙin ciki kamar an yi mutuwa. Mai ƙungiyar ne, Peter Pocklington, ya so kuɗin, ba manaja Glen Sather ba. Amma Sather bai zauna yana kuka ba. A shekarar 1989 ya musanya Carson ɗin da waɗansu samari daga Detroit, sai ga Edmonton ta ci kofi a shekarar 1990 ba tare da Gretzky ba, Los Angeles kuwa ba ta taɓa cinsa ba duk zamansa a can. Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne a ga cewa a kan auna manaja ne da abin da ya yi da abin da aka bar masa a hannu, kuma sai an ba shi shekara biyu ko uku kafin mudun ya cika.

To, mu komo gida. An kafa Kano Pillars a shekarar 1990, ta ci kofin gasar ƙasa sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A shekarar 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A wancan zamani ƙungiyar ta iya abu guda wanda shi ne tushen ƙarfinta, watau ɗauko yaro tun bai yi suna ba. Ahmed Musa kansa shaida ne. An haife shi a Jos a shekarar 1992, ya zo Kano yana ɗan saurayi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sa'an nan CSKA Moscow ta Rasha, sa'an nan Leicester ta Ingila a shekarar 2016. Haka Shehu Abdullahi, mutumin Sakkwato, ya yi suna a Kano kafin ya fita waje. Haka kuma Junior Lokosa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018, ya wuce Esperance ta Tunisiya.

Bayan kofin ƙalubale na shekarar 2019, wanda ta ci a Kaduna a kan Niger Tornadoes, sai ƙafa ta fara zamewa, har aka kai shekarar 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ta hauro a shekarar 2023. A shekarar 2024 kuma aka komo da Ahmed Musa da Shehu Abdullahi gida, suka tarar da Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, yana nan yana wasa ya haura shekara 40. Wannan ita ce ƙungiyar da sabon manaja ya gāda: kawuna cike da sanin wasa, ƙafafu kuwa sun soma jin shekaru.

Ba mu cikin masu raina tsofaffin 'yan wasa. Komowar waɗannan mutane ta cika filin wasa na Sani Abacha da 'yan kallo, ta sa jaridun Kudu da na ƙetare suka waiwayi gasar gida, kuma yaron da ya yi atisaye kusa da mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya kuma ci Ayislan biyu a ta 2018, ya sami karatun da babu malamin da zai ba shi. Wannan riba ce, kada a ɓoye ta. Amma fa manaja ba don bana kaɗai yake sayayya ba. Gasar ƙasa tana da ƙungiya 20, kowace tana wasa 38, ga tafiya a mota daga Kano zuwa Aba, ko Fatakwal, ko Ikenne. Jikin ɗan shekara 20 yana hutawa kwana biyu ya warware, na ɗan shekara 35 kuwa ba haka ba. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane manajan Pillars ita ce: a bayan kowane dattijo, wane yaro ka ajiye, kuma minti nawa ya buga? In amsar ba ta fito ba, to, ana cin iri ne ba a shuka ba.

A nan ne matsalar riƙe muƙami biyu take, kuma a kanta muke so mu ɗan daɗe. Mai horarwa shi ne shugaban ɗan wasa a fili. Manaja kuwa shi ne shugaban mai horarwa a ofis. In mutum ɗaya ne ɗan wasan kuma shi ne manajan, sai ya zamana da safe koci yana ba shi umurni, da la'asar kuma shi yake duba takardar kocin. Akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta sun san irin wannan sarai. Ku dubi yadda za ta kasance in aka ce malamin aji uku shi ne kuma Sakataren Ilmi wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girman hedimastansa. Ko da malamin nan waliyyi ne, hedimastan ba zai iya ce masa ya makara ba. Ba mu ce Ahmed Musa ya taɓa tilasta wa wani koci ya sa shi a wasa ba, kuma mutum ne da aka sani da ladabi da kyauta. Abin da muke faɗi shi ne, tsarin da kansa yana ɗaure wa koci hannu ko ba wanda ya ce masa uffan. Haka kuma ranar da za a sallami ɗan wasa ko a rage masa albashi, da wuya mutum ya yanke wa abokin da suke kwana masauki ɗaya hukunci da zuciya a sake.

Kakar 2025 zuwa 2026 ba ta fara wa sabon manaja da daɗi ba. A ran 12 ga Oktoba, 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo dab da tashi a Kano, aka tashi 1 da 1, sai waɗansu 'yan kallo suka afka fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zabge mata maki 3 da ƙwallo 3, ta kuma kore ta zuwa Katsina ta riƙa yin wasanninta na gida. Ba a daɗe ba aka dakatar da koci Evans Ogenyi, aka kira Mohammed Babaganaru, wanda ya ci wa ƙungiyar kofi a 2012 da 2013.

Adalci shi ne a rarrabe laifi. Ba manaja ne ya yi jifa ba, kuma ba a zamaninsa aka soma wannan ɗabi'a ba, domin a shekarar 2022 ma zabge maki saboda rikici yana cikin abin da ya tura ƙungiyar ƙasa. Amma tsaron fili aikin ofis ne, kuma tun da an taɓa ƙonewa ya kamata a ce an ji tsoron toka. Maki 3 ɗin nan daidai suke da cin wasa guda, watau abin da ake sayen ɗan wasa mai tsada domin a samu. Game da canjin koci kuwa, muna da shakka. Ogenyi ne ya hauro da ƙungiyar a shekarar 2023. In 'yan wasan da aka tara masa ba su dace ba, laifin na masu sayayya ne. In kuwa sun dace shi ne ya kasa, to, wa ya ɗauko shi? Ko ta wace hanya aka bi, tambayar tana komawa ofis. Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025 ƙungiyar ta ga hannun Abdu Maikaba, da Usman Abdallah, da Ogenyi, da Babaganaru, kowanne kuma da irin 'yan wasan da yake so. Yawan sāke magini ba ya sa katanga ta miƙe.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar talaka. Pillars ta gwamnati ce, kamar yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan, saboda haka kuɗin da ake sayen ɗan wasa da shi daga baitulmali yake fitowa, inda albashin malamai da maganin asibiti suke fitowa. A ƙasashen hoki ɗin can, ɗan makaranta ma yana iya sanin albashin kowane ɗan wasa da ranar da yarjejeniyarsa za ta ƙare, shi ya sa gardamarsu take kan hujja. Mu kuwa tamu gardamar a kan jita-jita take. Muna roƙon kowane manaja, na Kano ne ko na wata jiha, ya buga wa jama'a takarda a ƙarshen kowace kaka: ga waɗanda aka saya da kuɗinsu, ga waɗanda aka sayar da abin da ya shiga asusu, ga bashin albashi in akwai. Ahmed Musa ya ga yadda ake yi a Holan da Ingila da Turkiyya, kuma ba ya bukatar sisin kowa. In ya kafa wannan al'ada, ya yi wa Pillars abin da ya fi ƙwallo 18.

Akwai kuma wata doka ta hukumar FIFA wadda ya kamata mutanen Kebbi su riƙe, tun daga masu tafiyar da Kebbi United har zuwa malamin wasanni na firamare a Bagudo. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin yarjejeniya, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya cikin 100. Leicester ta biya kimanin fam miliyan 16 a kan Ahmed Musa, watau bisa lissafi ƙungiyar da ta riƙe shi shekara guda a cikin waɗannan shekaru tana da haƙƙin wajen fam 80,000. Amma ba a biyan kowa sai wanda ya yi wa yaron rajista a hukumar ƙwallon ƙafa, da sunansa da shekarunsa na gaskiya. Ƙungiyar ƙauye da ta reni yaro shekara biyar babu takarda, ta yi wa wani kiwo.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙarin bayani. Dokar ta hana a ƙetarar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, amma ta yi togiya ga wanda gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, in ƙungiyar ma ba ta wuce kilomita 50 daga iyakar ba, muddin yaron zai ci gaba da zama a gidan iyayensa kuma hukumomin ƙasashen biyu sun yarda. Yaran Lolo da Tsamiya da takwarorinsu na yankin Segbana suna cikin wannan togiya. Dillalin da ya zo da alkawarin kai ɗan shekara 15 Kwatano ko Legas domin a wuce da shi Turai kuwa ba ya cikinta, kuma ya kamata hedimasta ya nemi ganin takardarsa kafin uban yaro ya sayar da saniya.