Ƙungiyar Ƙwallon UNTL Ta Mutu, Wa Zai Gaje Ta?

Matasan da ke buga ƙwallo da yamma a Mahuta da sauran unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna sun fi sanin sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen a kan tarihin garinsu. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a nan kusa da su, watau a Kakuri, an taɓa yin ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna UNTL, wadda ta yaye ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da Afirka ta taɓa yi. Yau babu ƙungiyar, kuma babu wani allo ko ɗaki da ke tuna wa jama'a da ita. Wannan sakaci ne da ya kamata hukuma da jama'a su dube shi da idon basira.

Ƙungiyar dai ta samo sunanta ne daga masaƙar United Nigerian Textiles, wadda aka kafa a Kakuri cikin shekarar 1964, bayan masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki cikin 1957. A wancan zamani kudancin Kaduna shi ne cibiyar masana'antu ta Arewa. Ga masaƙu, ga ma'aikatar ƙera makamai ta DIC, ga kamfanin harhaɗa motocin Fijo da aka buɗe cikin 1975, daga baya kuma ga matatar mai da aka buɗe cikin 1980 daura da Mahuta. Dubban leburori da ma'aikata daga kowane sashe na Nijeriya suka taru a wurin, kuma ƙwallon ƙafa shi ne harshen da kowa ke ji. Kamfani ya kan ɗauki yaro mai ƙafa, ya ba shi ɗan albashi da riga da takalmi, shi kuwa ya ɗaga sunan kamfanin a filin wasa.

Ta wannan hanya ce Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya fara wasa a UNTL a farkon shekarun 1980, kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan. Shi ne aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka cikin 1993, shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya cikin 1994, a wasa da Bulgeriya, kuma ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37 kafin ya yi ritaya. Ya rasu a Ibadan cikin 2012. Ke nan masaƙar da ta yi suna wajen atamfa ta ba ƙasa abin da ya fi atamfa daɗewa a zukatan mutane.

Maƙwabciyarta, DIC Bees ta ma'aikatar makamai, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale cikin 1983, inda Rangers ta Enugu ta doke ta da bugun fenariti. Daga baya ta koma hannun ɗan kasuwa, Alhaji Muktar Aruwa, aka sake mata suna Ranchers Bees. Cikin 1988 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka, ta sha kaye a hannun Bizerte ta Tunisiya, cikin 1989 kuma ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Daga cikinta Daniel Amokachi ya fito, ya tafi Beljiyam cikin 1990. Ita ta yi sa'ar samun mai riƙo, shi ya sa sunanta bai ɓace ba duk da faɗi-tashin da ta sha. UNTL ba ta sami wannan gata ba.

Dalilin mutuwarta ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da abincinta ke fitowa daga aljihu ɗaya, ranar da aljihun ya huje ranar take fara yunwa. Tun daga shekarun 1980 masaƙu suka shiga wahala, saboda tsadar kayan gyaran injuna, da rashin tsayayyar wutar lantarki, da ƙarancin baƙin mai, da yadin fasa-ƙwauri da ya cika kasuwanni. Kamfanin da ke neman kuɗin biyan masu saƙa ba zai tsaya sayen takalman ƙwallo ba. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, UNTL kuma cikin 2007. In icce ya faɗi, sheƙar tsuntsun da ke kansa ba ta tsira.

Wannan ciwo bai tsaya ga Kaduna kaɗai ba. Raccah Rovers ta Kano, wadda ta zama zakarar Nijeriya cikin 1978, ta zama tarihi. Abiola Babes ta ci Kofin Ƙalubale cikin 1987, amma mai ita ya rushe ta ba da daɗewa ba, haka nan Leventis United ta Ibadan. Ko a Amurka mai arziki, ƙungiyar New York Arrows, wadda ta ci gasar ƙwallon cikin zaure sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982, ta karye cikin 1984. Ashe kofi ba ya raya ƙungiya in ba ta da saiwa a cikin jama'a.

Sai a dubi abin da ya faru a Landan. Ma'aikatan wani kamfanin ƙera jiragen ruwa mai suna Thames Ironworks ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo cikin 1895. Cikin 1900 aka raba ta da kamfanin, aka sa mata sunan unguwa, watau West Ham. Kamfanin ya rufe cikin 1912, ƙungiyar kuwa har gobe tana nan. Ita ma Arsenal ma'aikatan ƙera makamai ne suka kafa ta cikin 1886, tamkar dai DIC Bees. Bambancin shi ne can an yaye ɗan tun uwar tana da rai, nan kuwa an bar shi a goye har ta kwanta dama.

Wasu za su ce ai sai gwamnati ta ɗauki nauyi, tun da Kaduna United ta gwamnatin jiha ta ci kofin ƙasa cikin 2010. To amma ita ma baitulmali aljihu ɗaya ce, kuma kowane sabon gwamna da inda ya sa gaba. Sauya ubangida ba magani ba ne.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata a yi. Na farko, Ma'aikatar Wasanni ta Jihar Kaduna ta tattara hotuna da riguna da sunayen 'yan wasan UNTL da sauran ƙungiyoyin masana'antu, ta ajiye su a filin wasa na Ahmadu Bello, tun tsofaffin da suka buga wasan suna raye. Ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan yana jiransu. Na biyu, Ƙaramar Hukumar Chikun da hukumar tsara birni su keɓe filayen wasa a Mahuta da sauran sababbin unguwanni, su yi musu takardu, kafin gine-gine su cinye ko'ina. Na uku, duk ƙungiyar da za a kafa nan gaba ta ɗauki sunan unguwa, ta yi rajista, ta sami mambobi masu biyan kuɗin shekara da kwamitin da ke bayyana lissafi. Kamfanoni da attajirai su taimaka, amma kada makullin ya zama a hannun mutum ɗaya.

Yaran da ke da ƙafa irin ta Yekini ba su ƙare a kudancin Kaduna ba. Abin da ya ƙare shi ne ƙofar da shi ya bi ya fita. Tun da masaƙar da ta buɗe waccan ƙofa ta daina, lalle ne jama'ar unguwa su gina tasu da hannunsu.