RA'AYINMU: MAYAR DA KAYA MAI AIBI GA MAI SHAGO

  

A farkon hunturun bana wani ɗan'uwa, malamin makarantar firamare, ya zo ofishin wannan mujalla da rasit a hannunsa. Ya yi wata da watanni yana tara kuɗi har ya sayi hita, wato injin nan na ɗumama ruwa da ake kafawa a bangon banɗaki, mai cin lita 30, saboda mahaifiyarsa ta tsufa, ruwan asuba yana gagararta wajen alwala da wanka. Kwana biyu da kafawa ruwa ya fara ɗiga daga gindin tankin. A rana ta huɗu mai ɗakinsa ta taɓa kan famfo, wuta ta ja ta, Allah Ya kiyaye. Da mai gyara ya sauke hitar sai ya sami tsaga a wurin walda, kuma tsatsar da ke bakin tsagar ta nuna ba ta kwana huɗu ba ce. Da ya mayar, mai shago ya ɗora yatsa a kan layin Turanci da ke ƙasan rasit, mai cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya ƙara da cewa ai laifin wutar NEPA ne, kamar dai wutar lantarki tana haifar da tsatsa.

Da wani baƙo ne ya yi haka, da ba mu ɓata wannan shafi ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mai shagon namu ne, yana sahun farko, yana cikin masu ɗaukar nauyin wa'azi. Mutanen gari kuwa ba su da lokacin karanta littattafanmu, amma kullum suna shiga shagunanmu, kuma a can suke auna gaskiyar kiran da muke yi na komawa ga Sunna.

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce. Malaman fiƙihu suna kiranta hiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye yake da shi idan ya sami illa a abin da ya saya, kuma duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil a zaure ya wuce ta kanta. Idan aibin ya riga ciniki, kuma irin wanda yake rage daraja ko amfanin kaya ne, kuma mai saye bai san da shi ba, to yana da damar ya riƙe kayan a yadda suke ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif. Jahilcin mai sayarwa game da aibin ba ya kawar da wannan haƙƙi, iyaka dai yana ɗauke masa zunubin ha'inci. Amma wanda ya sani ya ɓoye, shi ne malamai suke kira mudallis, kuma Malikawa sun tsananta masa, har suka ce idan kayan suka halaka saboda aibin da ya ɓoye, asarar tasa ce, dole ya mayar da kuɗi ko da babu abin da za a mayar masa.

Asalin wannan yana cikin Sunna. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta yaudari mai saye: an ba shi zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. A lura da kyau, sai bayan ya tatsa. Wannan ya isa amsa ga mai shagon da yake cewa ai ka riga ka kafa ta, ka yi amfani da ita. To ta yaya za a san tanki yana yoyo in ba a cika shi da ruwa ba?

Sai batun layin nan na ƙasan rasit, wanda shi ne garkuwar 'yan kasuwarmu a yau. Malamai sun san shi da sunan ciniki bisa bara'a, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa ya kuɓuta daga duk wani aibi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya sayar da bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi, mai saye ya sami cuta a jikin bawan ya kai ƙara gaban Halifa Usman (R.A.), shi kuwa ya nemi Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Mashhurin mazhabar Malik shi ne wannan sharaɗi ba ya aiki sai a cinikin bayi, kuma a kan aibin da mai sayarwa bai sani ba kaɗai. Gaskiya ne Hanafawa sun yalwata a nan, ba za mu ɓoye wannan ba, amma babu malamin da ya halatta wa mutum ya san kayansa da illa ya yi shiru ya fake da rubutu. Balle rubutun da ake miƙa wa mutum bayan ya riga ya biya, cikin harshen da watakila ba ya karantawa.

Wasu suna cewa dilan da ya ba su kayan ba zai karɓa ba. Wannan matsala ce tsakaninsu da dila, kuma haƙƙin da mai saye yake da shi a kansu shi ne suke da shi a kan dila. Ba adalci ba ne a juye asarar a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin jerin.

Adalci ya wajabta mu faɗi na masu saye. Wanda ya kunna hita tankin babu ruwa zai ƙone ƙarfen da ke zafafa ruwan cikin ɗan lokaci. Wanda ya ba yaron unguwa aikin kafawa don gudun kuɗin gwani, aka haɗa ba tare da wayar ƙasa ba, ko aka toshe bawul ɗin da ke rage matsin ruwa idan ya yi yawa, ya jefa iyalinsa cikin haɗari da hannunsa. Idan irin wannan ya mayar da kaya yana rantsuwa cewa haka ya same su, shi ne mai algus. Haka nan wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani har hunturu ya wuce, malamai sun ɗauki wannan a matsayin yarda, haƙƙinsa ya faɗi. Saboda haka wanda ya ga alamar illa ya kashe wuta nan take, ya sa mai gyara amintacce ya duba don ya zama shaida, ya haɗa rasit da kwali da katin garanti ya koma shago ba tare da jinkiri ba. Wanda kuwa ra'ayi kawai ya canza, kaya lafiya lau, ba shi da haƙƙi a kan kowa. Idan mai shago ya karɓa, iƙala ce, kyautatawa ce wadda hadisin Abu Dawuda da Ibn Majah ya yi wa mai yin ta albishir da yafiyar Allah.

Ko dokar ƙasa ba ta tare da wancan layi. Tun 1992 aka kafa hukumar kare haƙƙin masu saye a Nijeriya, kuma dokar 2018 da ta maye gurbinta da hukumar FCCPC ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara masa ko a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa. Abin kunya ne a ce sai jami'i ya zo daga Abuja ya tilasta wa Musulmi abin da ke rubuce a littafin da ya karanta tun yana yaro.

Muna kira ga 'yan'uwa masu shaguna su cire wannan layi daga rasit ɗinsu idan za su buga sabo, su rubuta a madadinsa, da Hausa, kwanakin da suka ba mai saye ya gwada kaya. Muna kuma kira ga malamanmu a rassa su sa babin ciniki cikin karatun tsakanin Magariba da Isha'i, domin da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun san hukuncin ƙabli da ba'adi dalla-dalla, amma ba su taɓa jin kalmar hiyari ba.

Game da ɗan'uwanmu malamin makaranta, an tura malamai biyu sun zauna da mai shagon. Ya amsa cewa aibin tsoho ne, ya nemi a ba shi mako biyu ya ga dila. Har zuwa lokacin da muke shiga ɗab'i hitar tana jingine a bayan shagonsa, tsohuwa kuma ana dafa mata ruwan asuba a kan gawayi. Za mu sanar da masu karatu yadda aka ƙare a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.