Sharhi: Keke, babur da hanyoyin burji a arewacin Zamfara

A yankunan tsaunukan Alfs na Turai, kamar kewayen tafkin Garda a Italiya da tafkunan Salzkammergut a Ostiriya, hanyar da ba ta da kwalta ta zama haja. Hukumomin yawon buɗe ido na zana taswirar tsoffin hanyoyin gandun daji da na makiyaya, suna tallata su ga masu hawan keke da ke biyan kuɗin jirgi da masauki domin su sha ƙura su hau tudu.

Wasan ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta tsere a kan tsakuwa a yankin Veneto na Italiya a watan Oktoban 2022. A Afirka ma, tun 2021 ake yin irin wannan tsere a yankin Maasai Mara na Kenya.

A ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi na jihar Zamfara akwai irin waɗannan hanyoyi birjik. Sai dai masu binsu ba nishaɗi ke fito da su ba. Ta kansu ake zuwa gona da kasuwa da asibiti, kuma fiye da shekara goma ke nan ana takaddama a kan wanda ke iko da su, tsakanin hukuma da 'yan bindiga.

Daga tashar jirgi zuwa ƙauye

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kuma a nan ya tsaya. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Abin da ya rage, wato yadda kayan za su iso tasha daga ƙauyuka, an bar wa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci da kekuna suka shigo.

Har yau fasalin bai sauya sosai ba. Babbar hanya ta taso daga Gusau zuwa Ƙaura, daga nan ta rabu: ɗaya ta nufi Moriki da Shinkafi har zuwa Isa da Sabon Birni a jihar Sakkwato, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya a jihar Katsina. Da zarar matafiyi ya sauka daga waɗannan, sai burji da turba da rairayi, ga kuma ƙoramun da ke malala cikin gulbin Gagare da na Bunsuru, waɗanda kan raba ƙauye da gari idan damina ta yi nisa.

Hukumar raya karkara ta DFRRI da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986 ta share hanyoyin burji da dama a faɗin Najeriya. Amma burji ba ya zama sai da kulawa: a sake zuba marmara, a daddale, a share magudanan ruwa. Inda aka yi sakaci, damina biyu ko uku sun isa su mayar da hanya kwazazzabo.

Sarautar babur

A irin wannan ƙasa babur ne sarki. Yana ratsa rairayi, yana bi ta tsakanin gonaki, yana ɗaukar mutum uku ko buhun gero. Shigowar babura masu sauƙin kuɗi daga China da Indiya a shekarun 2000 ta sauya rayuwar karkara fiye da yawancin ayyukan gwamnati, domin ɗan kabu-kabu shi ya zama motar asibiti da motar kasuwa gaba ɗaya. Keke kuwa, wanda a da mallakar Raleigh ke ɗaga darajar magidanci, ya koma hannun 'yan makaranta da dattawa.

Abin da ya sa babur ya amfani manomi shi ne ya sa ya amfani ɗan bindiga. Ayarin babura kan fito daga dazuka irin su Dumburum da Sububu, ya auka wa gari ya koma kafin motocin jami'an tsaro su iso, idan ma hanyar za ta biyu da mota. A watan Yunin 2021 an kashe mutum 53 a Kadawa da wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Zurmi a hari guda. Bello Turji ya yi ƙaurin suna ne daga yankin Shinkafi, inda ya riƙa ɗora wa garuruwa haraji. A 2024 an ba da rahoton cewa ya ƙaƙaba wa mutanen Moriki naira miliyan 30.

Martanin hukumomi ya fi karkata ga abin hawan. A watan Mayun 2019 rundunar sojan Najeriya ta hana amfani da babura a dazukan jihohi bakwai, ciki har da Zamfara. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da daddare, sannan a farkon Satumba aka katse layukan sadarwa a jihar. A watan Yulin 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana nazarin hana acaɓa a ƙasar baki ɗaya, maganar da ba a aiwatar ba.

Masu goyon bayan waɗannan matakai na da hujja: babur ba ya tafiya sai da mai, kuma a lokacin an samu rahotannin cewa 'yan bindiga sun shiga matsi. Amma matsin bai tsaya a kansu ba. Kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis tana tara fatake da masu dabbobi har daga Jamhuriyar Nijar, na cikin waɗanda rufewar ta shafa. Wani ɓangare na tashin hankalin kuma ya ƙara tsananta a gabashin Sakkwato, inda a watan Disamban 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Ɗan bindiga na da kuɗin fansa da zai sayi fetur a kowane farashi. Manomin da doka ta hana shi jarka ba shi da wannan gata.

Ko keke zai iya?

Akwai inda aka gwada rayuwa ba babur. A Maiduguri an hana hawansa a watan Yulin 2011 saboda hare-haren Boko Haram, kuma jama'a da dama suka rungumi keke da Keke Napep. Amma Maiduguri birni ne mai kwalta, tafiye-tafiyensa gajeru ne.

Tsadar mai ta sake tayar da maganar. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a 2024. A birane irin su Kano an ga ma'aikata sun kakkaɓe tsoffin kekunansu. Masu dogon tunani za su tuna Cif Ojo Maduekwe, ministan sufurin da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke a 2001, har mota ta ture shi cikin kwata a Abuja.

A karkarar Zamfara keke na da amfaninsa. Ba ya shan mai, mai faci a gindin bishiya zai gyara shi, kuma dokar hana babur ba ta hawa kansa. Ga mai zuwa gona ko ɗalibin da ke tafiyar kilomita biyar, ya wadatar.

Sai dai iyakarsa a fili take. Kekunan da Turawa ke tsere da su na da faffaɗar taya da giya da yawa, kuma kuɗin guda ɗaya na iya kai dubban daloli. Keken da ke hannun talaka giya ɗaya gare shi, yana shiga rairayi sai a sauka a tura. Ba ya ɗaukar mace mai naƙuda, ba ya kuma tsere wa babur.

Wannan batu ya shafi rayuka kai tsaye. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ce gwajin da aka yi wa yara kusan dubu 97 a ƙananan hukumomin biyu a watan Yunin 2024 ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaron da ke wannan hali, nisan ƙauyensu da asibiti da kuma abin hawan da uwarsa za ta samu su ke yanke ko zai isa gaban likita da sauran ƙarfi.

Kwalta kaɗai ba ta isa ba

Sau da yawa 'yan siyasa kan ce gina hanya zai kawo tsaro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda hanya mai kyau na rage lokacin da ɗauki ke ɗauka. Amma hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya manyan hanyoyi ne, kuma an sha tare su, har ta kai a wasu lokuta direbobi na jiran rakiyar sojoji kafin su wuce. A watan Afrilun 2024 maharan sun shiga cikin garin Zurmi kansa, suka kai farmaki fadar sarki.

Ga kuma ɗan kwangila, wanda shi ma ba zai kai katafila da ma'aikatansa inda za a sace su ba. Ke nan ƙauyukan da suka fi buƙatar hanya su ne na ƙarshe da aiki zai isa gare su.

Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, su fiye da dubu biyu, aka raba musu motoci da babura. Sanya babura cikin kayan aikinsu amincewa ce da cewa a kan burji ake wannan yaƙi, kuma da irin abin hawan da abokan gaba ke amfani da shi. Duk da haka, a watan Yulin 2025 aka samu labarin kashe fiye da mutum 30 daga cikin waɗanda aka sace a ƙauyen Banga na ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, bayan 'yan uwansu sun biya kuɗin fansa.