Saƙa ko Kitso: Siffar Aiki ce Alƙali

Idan injiniyoyi suka zauna zaɓen yadda za a tsara zaren kabon ko na gilashi, wanda ake jerawa falle-falle a jiƙa da danƙon epoksi ya daskare ya zama jikin jirgi ko na mota, tambayar da ke fara fitowa ita ce: tsakanin saƙa da kitso, wanne ya fi ƙarfi? Tambayar ta zo a karkace. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne siffar abin da za a ƙera, da hanyar da nauyi zai bi a jikinsa.

A saƙa, zaren tsaye da na kwance suna gittawa a kusurwar digiri 90, kamar tabarma. Tana da araha, masu aiki sun san halinta, kuma ta dace da abu mai faɗi. Amma ƙarfinta ya taru ne a fuska biyu kawai. In ana son ta jure ja ta karkace, sai an yanka yadin a gicciye an ƙara falle, tsada ta ƙaru, ragowa ta tafi shara. In kuwa aka naɗa ta a jikin bututu, dole a sami inda zare ya yanke, kuma irin wannan gaɓa ce tsagewa ke nema.

A kitso, na'ura ce ke sarƙe zaruruwa a karkace kewaye da ƙirar abin, babu gaɓa. Ana iya sauya kusurwar: digiri 45 ya fi dacewa da sandar da ke shan murɗa. Idan aka kitsa a digiri 60 aka ƙara zare na uku a tsaye, falle ɗaya kan ba da tauri kusan daidai ta kowace fuska ta shimfiɗarsa. Shi ma yana da aibi. Zarensa na hawa da sauka kamar na saƙa, wanda ke rage juriyar matsi. Yawan kwarkwaron na'ura ke ƙayyade girman aiki, kuma kusurwa na sauyawa duk inda ƙirar ta yi kauri ko ta sirance.

Injinan jiragen sama sun nuna cewa babu gwani ɗaya. Kamfanin GE ya yi amfani da kitsattsen zaren kabon wajen ƙera zoben da ke kewaye da fankar injin GEnx na Boeing 787, zoben da aikinsa shi ne tare fiffiken fanka idan ya ɓalle. A injin LEAP kuwa, wanda GE da Safran na Faransa suka haɗa hannu a kai, ya fara aiki a 2016, saƙa mai zurfi aka zaɓa, inda zare ke ratsa kaurin fiffike don hana falle rabuwa da falle.

Masu kare saƙa kan ce araharta ta isa hujja. Amma farashin yadi ba shi ne farashin aiki ba. Sai an haɗa da ladan yanka, da asarar ragowa, da haɗarin gaɓa. Wanda ya naɗa saƙa a bututu don sabo kawai, ya rage kuɗi a wurin saye, ya bar rauni a inda rayuka suka dogara.