Kada Labari Ya Tsaya a Ƙofar Kurkuku



Ku duba yadda yawancin littattafanmu da finafinan Kannywood suke rufewa: an kama mugu, alƙali ya yanke hukunci, gandiroba ya ja ƙofa, shi ke nan. Mun mai da kurkuku juji, inda muke zubar da wanda muka gama da shi. A ganina muna asarar labarai masu yawa a bayan wannan ƙofa.

Ku ɗauki fim ɗin The Shawshank Redemption na 1994, wanda Frank Darabont ya ciro daga gajeren littafin Stephen King na 1982. Andy ma'aikacin banki ne da aka ɗaure kan kisan matarsa, alhali bai aikata ba. Mai ba da labarin kuwa abokinsa ne Red, wanda da bakinsa ya amsa cewa ya yi kisa. Mai laifi ne yake ba da shaidar mara laifi, shi ya sa muke yarda da shi. Abotarsu ta faro ne daga 'yar guduma da Red ya samo masa. Ga kuma tsoho Brooks, da aka saki bayan shekara 50, zaman waje ya gagare shi har ya rataye kansa.

Mu ma muna da abin rubutawa. A nan Kakuri akwai buɗaɗɗen gidan yari tun 1953. Shehu Sani ya sha ɗauri daga 1995 zuwa 1998, zamanin Abacha. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, amma har yau mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Wa ke raba gabza da wanda ba a kawo masa abinci daga gida? Wa zai ba wanda aka sako aiki, ko aure?

Kada a kwafo ramin da Andy ya haƙa. A nemi wanda ya taɓa zama a ciki, a saurare shi da izininsa, a sakaya sunansa. Mutum biyu, ɗaki ɗaya, shafi 40 sun isa. Matuƙar muna rufe littafi a ranar hukunci, muna koya wa mai karatu cewa wanda ya shiga kurkuku ya tashi daga mutum.

Wanda ya gwada, ya ajiye mana shafin farko a nan kafin Juma'a.